Zafin Samartaka Ya Tafi: Imanina Ne Ke Raguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekarata 46, haifaffen cikin garin Kano ne ni. Mahaifina muƙaddamin Tijjaniyya ne, a kan wazifa da zikirin Juma'a muka buɗe ido. Da na shiga jami'a sai na bar wannan hanya, na zama mai zafi ƙwarai, har na yi shekaru ba na bin mahaifina salla. Yanzu zafin nan ya tafi. Ban koma ɗariƙa ba, amma wa'azin raddi ya fita daga raina, abubuwa da yawa da a da nake rantsuwa a kansu yanzu sai dai in ce Allah ne masani, wani lokacin ma tambayoyi kan ƙaddara sukan zo su hana ni sukuni. Abokan da muka yi gwagwarmaya tare suna cewa na yi sanyi, duniya ta ja ni. Imanina ne ke raguwa, ko haka kowa yake yi idan ya manyanta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cikin abin da ka rubuto ban ga alamar wanda imaninsa ya zube ba. Wanda abin ya zube masa ba ya kwana da damuwar ko ya zube. Sai dai ba zan sallame ka da wannan kaɗai ba, domin sanyi iri biyu ne, ɗaya alheri ɗaya ciwo, kuma daga nesa kama suke yi da juna. Kafin mu kai can, bari mu duba ma'aunin da kai da abokanka kuke awo da shi, don ina ganin a nan gizo ke saƙar.

Tunda a gidan malamai ka tashi, na san Risala ta ratsa kunnenka ko da ba ka sauke ta ba. A babin aƙida, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya ce imani furuci ne da harshe, da tsarkin niyya a zuciya, da aiki da gaɓɓai, yana ƙaruwa da ƙaruwar ayyuka, yana raguwa da raguwarsu. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala duka suna karantar da wannan, ba su saɓa a kai ba. Ayyuka ya ce. Bai ce yana ƙaruwa da yawan jayayya ba, ko da yawan mutanen da ka daina yi wa sallama. Na san za a ce so don Allah da ƙi don Allah yana cikin imani, kuma gaskiya ne. Amma abin da yawancinmu muka yi a samartaka muka kira shi ƙi don Allah, idan aka tankaɗe shi za a samu kishin ɓangare ya fi yawa a ciki.

Addinin yaro a jikinsa yake zama kafin ya hau kansa. Yaron cikin gari yakan san Allah ta sanyin ruwan buta da asuba, da dorinar malamin allo, da muryoyin manya a soro bayan magariba, da farin ƙyallen nan da ake shimfiɗawa a tsakiya idan wazifa ta zo kan Jauharatul Kamali, da cincirindon hawan Dala ranar Takutaha. Bai san hujja ba, bai ma san ana neman ta ba. Abin da babansa yake yi, shi ne addini. Samari da yawa idan ido ya buɗe sukan raina wannan su kira shi makauniyar biyayya, alhali a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya. Wanda ya riƙa tashinka salla kana ɗan shekara bakwai, shi ya sa har yau kake jin nauyi idan rana ta fito ba ka yi asuba ba. Raina imanin gama-garin mutane kuwa ba yau aka fara ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai ɗaliban tauhidi da suke tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa kawo hujja irin tasu su ce ba musulmi ba ne, Shehu ya yi ta rubutu yana yi musu raddi, yana kare musuluncin waɗannan bayin Allah.

Sai samartaka ta zo. Mutum yana son ya riƙe abin da shi ya zaɓa, ba wanda aka miƙa masa ba. Ga lafiya, ga lokaci, ba iyali, bai binne kowa nasa ba tukuna, kuma karo na farko ya ji ana cewa "ina hujja?" Tambayar nan tana da daɗi a bakin saurayi, kuma tambaya ce mai kyau. Da ita samari masu yawa a garin nan suka koyi Larabci, suka haddace hadisai, suka gyara karatun Fatiha, suka daina zuwa wajen boka. Wannan ɓangaren kada ka yi nadamarsa ko kaɗan. Abin da yake biyo ta a baya shi ne ɓarnar: saurayi ya karanta littafi guda a kan mas'ala ya ɗauka babu na biyu, jama'ar da ya shiga ta zame masa dangi, malaminsu ya zame masa uba, uban da ya haife shi kuma ya koma wanda ake yi wa wa'azi.

Abin da ya shiga tsakaninka da mahaifinka ya faru a Kano tun kafin a haife ku, kai da shi. Hanyar da ka tarar a gidanku kamar tun fil azal take nan, ita ma sabuwa ce a wani zamani, kuma masu jini a jika ne suka ɗauko ta. Malam Muhammadu Salga ya soki wasu al'adun da ake yi wajen jana'iza da zaman makoki, malaman Madabo suka mayar masa da martani, aka daɗe ana ja. Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, daga baya almajiran Malam Salga, irin su Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari da Malam Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga, suka karɓi failar Shehun, wato reshensa na Tijjaniyya, suka yaɗa ta. Da ita ƙabalu ya bazu a garin da kaka da kakanni sadalu aka sani. Ka tambayi duk dattijon da ya yi wayo a shekarun 1950 ya ba ka labarin abin da ɗora hannu a ƙirji ya jawo. An ƙi bin juna salla, an ɓata tsakanin maƙwabta, manyan malamai sun yi wa juna rubutu, Malam Nasiru Kabara yana kare sadalu, Malam Sani Kafinga yana mayar masa da amsa. Yau ka shiga mafi yawan masallatan garin nan, mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya waiwayi wani. Ba mamaki kakanka ya taɓa kallon mahaifinka da irin idon da mahaifinka ya kalle ka da shi.

Naku zamanin ya zo da nasa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi yana shiga gidaje ta Rediyon Kaduna, aka kafa Izala a Jos a 1978, juyin juya halin Iran na 1979 ya ja wasu ɗaliban wata hanyar daban, rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki ya ci rai sama da 4,000. Lokacin da kuka isa jami'a, waɗanda suka yi karatu a Madina sun dawo, kaset ɗin Malam Ja'afar Mahmud Adam yana tashi a motocin haya da shaguna, sannan aka ƙaddamar da shari'a a 2000. Saurayin da yake da zuciya a wannan lokaci, da wuya bai shiga wani ɓangare da ƙarfinsa ba. Ba ina cewa babu gaskiya a abin da kuka riƙa ba. Ina cewa tashenka da tashen garin sun zo lokaci guda, kuma wani kaso babba na zafin da kake kewa na shekarun ne, da ma ba zai zauna ba.

Annabi (SAW) ya riga ya faɗi wannan. Ya ce kowane aiki yana da lokacin zafinsa, kowane zafi kuma yana da lokacin da yake lafawa, wanda lafawarsa ta tsaya a kan sunna ya shiryu, wanda ta kai shi wani wajen ya halaka. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wanda aka ruwaito hadisin daga gare shi, shi kansa darasi ne. Yana saurayi ya ɗaura aniyar azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi yana rage masa, shi yana cewa zai iya fiye da haka, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da ya tsufa ƙarfi ya tafi, sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da Manzon Allah ya yi masa. Ka ga hadisin bai tsaya tambayar ko za ka lafa ba, ya ɗauka lallai za ka lafa. Abin da ya dame shi shi ne inda za ka sauka.

Shekara arba'in kuwa Alƙur'ani da kansa ya ambace ta. A Suratul Ahƙafi aya ta 15 aka kawo addu'ar wanda ya kai wannan munzali: ya roƙi Allah ya kimsa masa godiya a kan ni'imar da ya yi masa shi da iyayensa, ya ba shi ikon aikin da zai yarda da shi, ya shirya masa zuriya, sannan ya ce na tuba. Iyaye, 'ya'ya, aiki, tuba. Babu abokin hamayya a cikinta. Mutum a waɗannan shekaru yana tsaye tsakanin wanda ya haife shi da wanda ya haifa, idonsa kuma ya fara sauka daga kan mutane yana dawowa kansa.

Manyan malaman da ake tinƙaho da su ma ba duka a kan ra'ayin samartakarsu suka mutu ba. Abul Hasanil Ash'ari ya kai shekara 40 yana cikin Mu'utazilawa, masu fifita hankali a sha'anin aƙida, yana kare su, sannan ya hau mumbari a masallacin Basra ya ce ya bar wannan hanya. Imamu Shafi'i da ya koma Masar ya sauya fatawoyi da dama da ya bayar a Iraƙi, har almajiransa suke cewa tsohuwar magana da sabuwar magana. Na Imamu Gazali ya fi tsanani. Yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sai ya duba niyyarsa ya ga neman suna ya fi yawa a ciki. Abin ya ci shi har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A 1095 ya bar kujerar ya fita, shekarunsa ba su kai arba'in ba, bai koma irin wannan koyarwar ba sai bayan shekara goma da ɗoriya. Abin da ya rubuta bayan wannan fitar ne ake ja wa baƙi a zaurukan Kano har gobe.

A iya abin da na gani wajen ɗalibai da abokan zama, ba kasafai hujja ce take sauya mutum a wannan tsakani ba. Mutuwa ce kan gaba. Ranar da mutum ya durƙusa bakin kabari ya karɓi gawar mahaifiyarsa, ya kwantar da ita a ɓarin dama, ya sassauta ɗaurin likkafani, ana miƙo masa itace yana jerawa, ana kwaɓa ƙasa ana miƙowa, sai ya ɗago kai ya ga wanda gwiwarsa ta fi ta kowa ɓaci da taɓo, wanda ya riƙe makara tun daga ƙofar gida, shi ne maƙwabcin nan mai carbi da ya yi shekaru ba ya amsa masa gaisuwa. Daga ranar nan ba a ƙara jin irin tsohuwar maganar a bakinsa, ko da ra'ayinsa a kan mas'alar bai motsa ba. Sai kasuwa. Duk wanda ya zauna a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ya san amana ba ta bin tsawon gemu, ba ta bin tsawon carbi, a kowane ɓangare akwai wanda za ka bar wa shago ka tafi Makka, akwai wanda zai cinye ka yana ja maka aya. Sai ganin ƙungiyoyi suna darewa gida biyu a kan shugabanci, da ganin abin da lokacin zaɓe yake yi wa wasu mumbarorin. Sai karatu shi kansa, domin wanda ya buɗe Bidayatul Mujtahid ya ga Ibnu Rushdi yana jero maganganun malamai a kan mas'ala guda, kowa da dalilinsa da inda saɓanin ya samo asali, rantsuwa takan yi masa nauyi a baki.

Akwai kuma abin da mu mutanen Kano muka gani da idonmu. An harbe Malam Ja'afar yana limancin asuba a Ɗorayi a watan Afrilun 2007. An kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamba, 2014, aka kashe masallata sama da ɗari ana shirin tayar da salla. Wanda ya ɗauki gawa a wannan rana ya san inda halatta jinin musulmi yake kaiwa, kuma ya san daga harshe yake farawa. Idan bayan wannan mutum ya ji kalmar kafirci ta yi masa nauyi a kan mai salla, ni ban kira wannan sanyi ba, hankali ne.

Masu nazarin halayyar ɗan'adam ma sun lura da irin wannan tafiya. Wani Ba'amurke, James Fowler, ya zanta da ɗaruruwan mutane, yara da manya, ya fitar da littafi a 1981 yana cewa mutum yakan tashi daga riƙon abin da jama'arsa ta riƙa, ya shiga lokacin bincike da yanke hukunci da kansa, sannan a tsakiyar rayuwa wasu sukan kai inda za su iya zama da tambayar da ba su gama warware ta ba, su kuma waiwayi abin da suka watsar na yarinta da wani idon. Yawancin waɗanda ya zanta da su Kiristoci ne da Yahudawan Amurka, kuma ya jera abin hawa-hawa, na sama ya fi na ƙasa. A nan na rabu da shi, domin ba kowa ne yake tafiya ta fuska guda ba. Na ga tsohuwa mai jikoki ta shiga Islamiyyar matan aure, tana bin harafi da yatsa, ta gano tun tana budurwa take karanta tahiya da kuskure, ta koma gida ta kwance layar da ke ɗaure a ƙugun jikanta. Ita manyanta tsanani ya kawo mata, kuma ci gaba ne. Na ga wanda ya bar ɗariƙa da furfura, na ga wanda ya shige ta da furfura. Don haka sassauci shi kaɗai ba shaida ba ce ta cewa mutum ya ƙaru.

Mai gasa masara ba ta ɗora ta a kan harshen wuta, sai gawayi ya kama ya zama garwashi. Amma garwashin da toka ta lulluɓe da tokar da ta mutu, ido ba ya raba su, sai ka kai hannu kusa. To ka kai hannu, kai kaɗai, ba a majalisa ba. Yaya asubarka take yau idan ka gwada ta da ta shekara goma baya? Alƙur'ani fa, sai azumi kuke gaisawa? Idan kuɗin da ba ka natsu da shi ba ya shigo, har yanzu yana tsaya maka a wuya, ko ka koyi yadda ake samo masa fatawa? Idan kai kaɗai ne da wayarka da tsakar dare fa? Idan ka yi saɓo, yana yi maka ciwo kamar da? Matarka da yaran shagonka, su ma sun ga wannan sauƙin kan da ka samu, ko a waje kawai yake? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi tona asiri.

Abin da nake nema a cikin amsoshinka guda ne: wa ka sassauta wa? Idan mutane ka sassauta wa, tsananin ya dawo kanka, to ka gode wa Allah, ka samu abin da wasu sai a gadon asibiti suke samu. Idan kuwa kanka ka sassauta wa, salla ta fara zamewa, ka daina zuwa karatu, "addini sauƙi ne" ya zama abin da kake faɗa duk lokacin da ranka ya so wani abu, to abokanka sun yi gaskiya ko da ba su iya faɗa ba. Ka kuma duba lokacin da sanyin ya fara. Idan ya zo daidai da samun kuɗi ko muƙami ko shiga cikin manya, ka tuhumi kanka sosai, domin mutum yakan daina faɗar gaskiya don kada ya rasa wurin zama, sannan ya sa wa abin suna hikima. Kada dai ka yi awon da kwana guda. Sahabin nan Hanzala ya taɓa cewa ya zama munafuki don yana jin wani hali a gaban Annabi, idan ya koma cikin iyali da dukiya ya manta da yawa, Annabi ya ce masa lokaci da lokaci ne. Shekara za ka duba, ba mako ba.

Faɗin "Allah ne masani" da kake yi kuwa, ba aibi ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, shi da ake ɗaure kaya daga ƙasashe a zo Madina dominsa. Amma tana da iyaka. Ana faɗarta a inda malamai suka saɓa, da kan makomar wani mutum a lahira, da kan abin da ke zuciyar wani. Ba a faɗarta a kan kaɗaita Allah, ko wajabcin salla, ko haramcin zina da riba da cin amana. Idan ka ga tana ratsowa nan, ba tawali'u ba ne kuma.

Tambayoyin ƙaddara kada su firgita ka. Sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suka ce suna jin abu a ransu wanda ɗayansu yake ganin girman ya furta shi. Ya ce kun ji hakan kuwa? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙin da zuciya take yi wa abin. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Saurayi ba ya tambayar ƙaddara domin a littafi ya san ta. Wanda ya yi jinyar ɗansa ya rasa shi, ko ya daɗe yana gaskiya a kasuwa ya karye yana kallon maha'inci yana ɗora bene, shi take zo wa da nauyinta. Sai dai ka raba abu biyu. Akwai tunanin da yake faɗowa ya wuce kana ƙinsa, wannan a nemi tsari a kau da kai, tona shi ƙara masa ƙarfi yake yi. Akwai kuma shubuhar da ta zauna daram, kullum tana nan, da kanta da ƙafarta. Wannan kau da kai ba ya kashe ta, ilimi take so. Ka nemi malami guda, dattijo, wanda ya karanta tauhidi da gaske kuma tambaya ba ta razana shi, ka same shi shi kaɗai bayan an tashi daga karatu. Kada ka kai ta Facebook ko TikTok. Abin da ya fi ci mini rai a garin nan shi ne yadda muka mayar da tambaya abin tsoro. Yaro ya tambayi abu a ce ya fara zindiƙanci, sai ya haɗiye, ya ci gaba da kai jikinsa masallaci shekara da shekaru zuciyar ba ta nan, ba wanda ya sani, ba wanda ya taimake shi.

Maganar mahaifinka, idan yana raye kada ka jira wani lokaci. Shekarun da ka yi ba ka bin sa salla sun yi masa ciwon da bai faɗa maka ba, iyayenmu ba sa faɗar irin wannan. Abdullahi ɗan Umar, da duk tsananinsa wajen bin sunna, ya yi salla a bayan Hajjaju, mutumin da ya zubar da jinin bayin Allah, balle uban da ya koya maka Fatiha. Ba sai ka karɓi wuridi ba, ba sai ka ce ka sauya fahimta a kan abin da ba ka sauya ba, ƙarya ba ta cikin biyayya. Ka je da magariba ka tsaya a bayansa, idan an sallame ka matsa ka durƙusa ka ce Baba a yafe mini. In za su fara wazifa ka tashi cikin ladabi ka shiga cikin gida ka gai da mutane. Idan kuwa ya riga mu gidan gaskiya, addu'a da sadaka suna isa gare shi, kuma aminansa da suka rage ka riƙa leƙa su.

Abokanka kuma kada ka mayar da su abin da ka mayar da mahaifinka a da. Tarkon waɗannan shekarun ke nan. Mutum ya daina raina 'yan bidi'a ya koma raina masu zafin kai, girman kan yana nan inda yake, wanda ake yi wa ne kawai ya sauya. Ka ci gaba da zuwa ɗaurin aurensu da jana'izarsu, idan aka ɗauko zagin wani malami ka yi shiru ko ka tashi. 'Ya'yanka ma suna tafe. Wata rana ɗaya daga ciki zai zo da waya a hannu ya ce Baba wannan abin da kake yi ba shi da asali. Ranar nan ka zaunar da shi ka ce ya kawo littafin ku duba tare.

Wani sauyin yana jiranka a gaba, wanda Suratur Rum aya ta 54 ta siffanta: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Ka zauna kusa da dattawan sahun gaba ka ji hirarsu, za ka tarar mas'alolin da aka yi ta ɗaga jijiyar wuya a kansu sun ragu, saura salla da istigfari da roƙon cikawa da imani. Malamai da yawa sun ce tsoro ya rinjaya lokacin lafiya, kyakkyawan zato ga Allah ya rinjaya idan ajali ya matso. Ummu Salama ta ce addu'ar da Annabi ya fi yawaitawa ita ce "Ya mai jujjuya zukata, ka tabbatar da zuciyata a kan addininka." Ka riƙe ta a sujada tun yanzu.

Abu guda ya rage, don ka ce tambayoyin suna hana ka sukuni. Idan ba ɗanɗanon ibada kaɗai ka rasa ba, har barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka, kasuwa da hira da iyali duk sun zame maka kaya, kuma an yi makonni a haka, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, wanda sau da yawa mutanenmu suke ɗauka raunin imani ne su yi ta zargin kansu. Yana da magani. In haka ne ka ga likitan da ya san wannan fanni, kada kunya ta hana ka, kuma ka gaya wa uwargidanka halin da kake ciki don ta riƙa lura da kai.